Sulken Baba da Bature Mai Tambaya

Daga ƙanenka Buhari maƙeri a Ƙofar Taramniya, zuwa ga Yaya Ummaru a hanyar Gabas. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina gajiyar tafiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya, sai dai hankalina ba kwance yake ba.

Ran Talata wani Bature yaz zo maƙera da tafinta. Yac ce shi mai sha'awar kayan yaƙin dā ne, takubba da kwalkwali da lifidin doki, yana son ganin sulke. Nac ce ba mu da shi, fartanya kawai muke ƙerawa yanzu. Ka san tun da Nasara sunka karɓe makamai sulken Baba ke cikin rumbu.

To ashe Hauwa, matata, ta ciro zobe guda daga jikin sulken ta ɗaura ma jaririnmu a wuya don tsari, yadda Inna ke yi muna. Tana wucewa da goyo Baturen yag gani. Yad duba zoben har da 'yar ƙusar da ke haɗe shi, yac ce, “Ina sauran?” Yay yi murmushi, yac ce zai dawo Jumma'a.

Ban sani ba ko sha'awa ce, ko tarko. In na fiddo sulken na tabbata maƙaryaci, in na hana a bincike gida.

Ka gai da Inna, ku sa mu a addu'a. Kada ka gaya mata zoben ne sanadi, don ita ta koya ma Hauwa.