Saƙon Kawu da Kuɗin Taki

Ƙanina Yakubu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya aiki da ruwan Fatakwal? Yaya Rahila da yara? Mu nan Mubi lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Raina a ɓace nake rubuto maka. Kuɗin intanet ɗin nan na kirifto da ka turo wa Yaya Iliya don takin gonarmu ta Kwaja sun tafi gaba ɗaya.

Kawu Bitrus ne ya sa wani saƙo a guruf ɗin dangi, wai ana raba kuɗin kirifto kyauta, mutum ya shiga ya rubuta kalmomin sirrin asusunsa goma sha biyu kawai. Kalmomin nan da ka ja wa Yaya kunne a gabana kada ko matarsa ta gani. Yaya ya shiga ya rubuta, aka kwashe asusun tas. Da na tambaye shi me ya kai shi, sai ya ce, "Kawu ne fa ya turo. In na ƙi, ai na ƙaryata shi ke nan."

Na tafi gidan Kawu. Wai shi bai ma karanta ba, an ce a tura wa mutum ashirin, ya tura.

Har jiya saƙon yana nan, an rasa mai ce wa babba ya goge. Ni na rubuta a ƙarƙashinsa cewa damfara ce, kada kowa ya taɓa. Yanzu ni ce marar kunya a dangi, ba ɓarawon ba.

Don Allah ka sa baki, kai suna jin maganarka. Ka gaishe da Rahila, ku sa mu a addu'a. Ganyen masarar ya fara rawaya, ita kuwa ba ruwanta da girman Kawu.

Yayarka,
Saratu