Bokan Da Ka Bar Ni Da Shi

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Inna tana nan ƙalau, ƙafar ma ta yi sauƙi, har ta koma bi na da tsintsiya, ka ga kuwa an warke. Baba ya sake gyara ƙofar ɗakinka, yanzu ba ta rufuwa sam. Auta ta fara tafiya, kuma takalmina kaɗai take ɗauka ta jefa a bokiti.

To Yaya, ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara. Ka tuna ranar da ka fara kai ni shagon gem na bakin layi, ka ce in zaɓi wanda zan riƙa bugawa da shi a kwamfuta? Ka san ni da Turancin nan, allo kawai na riƙe a duniya. Na ga wani tsoho mai gemu da doguwar riga da sanda, na ce lalle wannan shi ne babbansu, sauran duk yaransa ne. Ka yi dariya kawai. Ashe boka na ɗauka! Da za ka tafi kuma, sai ka miƙa wa Dogo ɗan Kawu jaruminka, mai sulke da garkuwa da takobin nan mai walƙiya, ni ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya ka bar ni da tsoho.

Wallahi bokan nan abin tausayi ne. Kafin ya jefa wuta sai ya tsaya yana ɗaga hannu yana ƙus-ƙus, kamar yaron da aka ce ya kawo hadda bai bita ba. In ko ɓeran kogo ya taɓa shi a tsakiya, shi ke nan, karatu ya warware, sai ya faro daga farko. Shuɗin layin nan mai nuna ƙarfin da tsafinsa ke sha, jifa kaɗan ya ƙafe, sai ka gan ni ina dukan dodo da sanda kamar mai kakkaɓe katifa. Sulke kuwa wai ba ya sawa, riga ce kawai, ko tari dodo ya yi na faɗi. Shi kuwa Dogo madanni ɗaya ya sani, ya yi ta dannawa yana hamma, kawunan dodanni na zuba. Yaran shago duk sun koma bayan kujerarsa suna ihu, mai shago har fanka yake juya masa. Ni ba mai tsayawa bayana sai ɗan mai wanki, shi ma jira yake in mutu ya hau kujerar. Har suna suka sa min, wai Malam Gawa.

Shekaranjiya muka shiga wani siririn lungu a cikin kogo, Dogo ya ruga gaba ya bar ni kamar kullum. Karon farko karatuna ya kai ƙarshe ba wanda ya katse, na saki ƙatuwar wutar nan. Dodannin suka tsira, Dogo ya toye ƙurmus. Ya ce da gangan na yi. Na ce masa hannuna ne ya zame, dariyar da na yi har na faɗo daga kujera kuwa ta tausayi ce. Yanzu ya rantse ranar da za a shiga wurin babban dodo ba da ni ba, wai ɗan tela mai baka da kibiya zai ɗauka, sai fa in kai ka ce a bar ni. Ya kuma faɗa a gaban kowa cewa kana kiransa a waya kuna tsara yaƙi. Wannan ta fi wutar zafi, Yaya. Ni in ka kira, sai dai Inna ta ce min kana gaishe ni.

Jiya na zauna ina tunani, na ga lokacin da kake nan bokan nan bai taɓa faɗuwa ba. Ashe kai ne kake tsayawa a gabana da garkuwa har in gama ƙus-ƙus ɗina, ni kuwa ina ta cika baki a gida wai na iya. Dogo takobin ya karɓa, tsayuwar bai karɓa ba.

Ka gaishe min da Anti, ka ce kitson da ta yi wa Auta har yau ana maganarsa. Ka gaida Kawu Direba da sarkin kuka, jaririnku. Inna da Baba suna sa maka albarka. Dogo ma ya ce a gaishe ka, amma na manta.

Jarumin ka bar masa, na yafe, ko da yake ban yafe ba. Ka kira kawai ka ce a shiga da ni, kuma wannan karon wayata za ka kira, ba tasa ba.

Naka ƙaninka,
Malam Gawa, mai jiran garkuwa.