Zaren Awon Angon Inna

Kubwa, Abuja
Janairu, 1992

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya mutanen Zariya? Zaituna, ke mai karanta mata, ki bi a hankali, ban da dariya.

Inna, mun baro Legas. Tun da gwamnati ta tashi ta dawo Abuja aka kwaso ofishin su Malam har da kujeru, mu ma aka haɗa da mu. An ba mu ɗaki biyu a Kubwa, warin fenti ma bai gama fita ba. Gari ne na duwatsu da ma'aikata masu rububin bas. Ɗaki na biyun na share shi na shimfiɗa katifa, ba mai kwana a ciki.

Yaya angonki? Yaya ƙirjin nasa? Kin karɓe shi yaye kika ce wata biyu, ga shi damina biyu ta wuce. Ba ƙorafi nake ba, tuni ne.

Na ji saƙonki cewa kada in kuskura in kai ƙanwarsa Amatullahi allurar ƙyanda in ta cika wata tara, don a ganinki ita ta jawo wa yayanta asma da borin jini. Gaskiya ne bayan allurar ya fara numfashin nan mai fito. Amma na tambayi maƙwabciyata Magdalena, nas ce 'yar Kafanchan. Da Hausarta ta ce min, "Maman Amatu, allura bai kawo asma. Lokaci ne ya haɗa su." Ta ce ciwon yakan fito ne a shekarun da ake yi wa yara allura, shi ya sa ake ɗora mata laifi, alhali yawanci gado ne, sai hayaƙi da ƙura da gashin kyanwa su tayar da shi. Sai na tuna marigayi Baba a jingine da bango yana jan numfashi, shi da ya yi ta tsere wa masu allurar lamba har ya bar duniya. Ki gafarce ni da na ambata.

Don Allah a rage masa turaren wuta a ɗaki, kuma a ɓoye ƙuliƙuli, kin san yadda jikinsa ke tashi.

Taki mai biyayya,
Mashkura

Kubwa, Abuja
Maris, 1992

Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Yaya azumi, yaya zafi? Da fatan angonki lafiya.

Wasiƙar Zaituna ta iso. Ta rubuto abin da kika ce, in na kai yarinyar nan allura to in cire rai da ganin yayanta a gidana, ba za ki mayar da shi hannun da ba ya jin magana ba. Na karanta na zauna a ɗakin nan da babu kowa har tuwona ya kama.

Inna, na kai ta. Gara ki ji daga bakina.

Ƙyanda ta shigo layinmu da zafin nan. Ɗan wani direba mutumin Katsina, ƙofa uku tsakaninmu, yaro mai tatata da nake ba wa alewa, an binne shi ranar Juma'a. Uwarsa ma tsoron allurar ne ya hana ta, kuma ban ga laifinta ba, don irin tsoron ne a cikina. Na goya Amatullahi muka tafi asibiti, ina tafe ina jin muryarki a kunnena. Ta yi ɗan zazzaɓi ya wuce. Kullum sai na kara kunnena a bayanta, ba na jin komai sai gyatsar nono.

Ban yi don in raina ki ba. Asma muna jinyarta, yaro yana wasa yana girma. Wancan kuwa bai bar wa uwarsa abin jinya ba. In hukuncinki yana nan, ke uwa ce, na ɗauka. Amma ki sani da ciwo na ɗauka.

'Yarki,
Mashkura

Kubwa, Abuja
Mayu, 1992

Inna tawa,

Assalamu alaikum. Yaya damina, yaya jiki? Malam yana gaishe ki.

Shirun da kika yi min ya fi duka zafi. Da Babbar Sallah ta matso na sayi shadda zan ɗinka wa angonki, sai na tsaya da almakashi a hannu, ban san tsayinsa ba. Na kira Promise, ɗan Magdalena, sa'ansa ne, na gwada a jikinsa. Uwar tana kallona, ni kuwa kunya ta ishe ni, uwa tana aron ɗan wani don ta auna nata.

Jiya ambulan ya iso babu rubutu sai 'yan layuka na Zaituna, da farin zare mai ƙulli. Ta ce ke kika tsayar da shi kika auna da hannunki, kuma kin ce bayan Sallah za ki taho da shi ki saurari ƙirjin yarinyar da kunnenki, in kin ji fito ku koma tare. Na yarda. Ki zo ki saurara har ki gaji.

Na miƙe zaren a jikin ƙofa. Inna, ya ɗara Promise da tafin hannu guda. Duk wannan tsawon a bayan idona ya yi shi. Rigar da na yanka ta yi kaɗan, na koma kasuwa.

Kin hore ni da kunyar ɗan fari, kuma na riƙe. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ko ranar da kika goya shi kika fita ban leƙo ba. Yau dai a yi min afuwa. Ina kewar ɗana, kewar da ke hana ni cin abinci.

Ki gaishe min da Hafizu. Zaituna, ki karanta sunan da ƙarfi yadda na rubuta, kuma ki bari yana kusa.

Taki har kullum,
Mashkura