Kan Keken Mama da Kilo Ashirin da Uku

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara rufa maka asiri, Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da mu. Mu nan muna godiya ga Allah. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma shago, kuma Gwaggo ta yarda za ta riƙe mini yara har mu dawo, ko da yake ta ce idan Auta ya ci gaba da karya mata kofuna a akwati za ta turo mini shi. Na zaɓi in rubuta ne in ɗauki hoton takardar in tura maka, domin a waya ba ka bari in kai aya, ni kuma da na fara magana kuka yake cin ƙarfina.

Yaya, hankalina a tashe yake. Saura kwana tara jirginmu ya tashi, likitocin can wajenku sun riga sun tsayar da ranar aikin zuciyar Mama, ga biza ga tikiti duk a hannu, amma Mama ta ce ba za ta je ba. Ba wasa take yi ba, kuma ka san halinta idan ta kafe kai da fata.

Bari in faɗa maka yadda aka yi tun daga farko. Jerin kayan da ka turo na bi shi ɗaya bayan ɗaya, tunda zaman wata takwas ba zaman kwana biyu ba ne. Na haɗa takardun asibiti da hotunan ƙirjinta a jaka guda wadda zan rataya a kafaɗa. Na karɓo maganin wata uku tare da takardar likita mai hatimi kamar yadda ka ce. Na sayo safa mai kauri, da rigunan sanyi bibbiyu, da takalmi rufaffe wanda Mama ta kalla ta ce ita ba soja ba ce. Na sa tabarau ɗinta guda biyu, da carbinta, da ɗan matashin da ba ta iya barci sai da shi. Sau uku ina kai akwatunan shagon bakin layi, mai shagon yana ɗora mini a sikelin da yake auna buhu, har ya fara tsokanata wai ko ni ce zan tuƙa jirgin. Nata ya tsaya a kilo ashirin da ɗaya, nawa ashirin da biyu, duk ba su haura ashirin da ukun da aka ba kowa ba. Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ran nan sai ta leƙo, ta dubi akwatunan, ta tambaye ni a ina za a sa kekenta na ɗinki. Na zaci raha take yi. Da na ga fuskarta sai na tura maka tambaya, kai kuma ka amsa da saƙon murya. A nan na tafka kuskuren da har yanzu nake cizon yatsa a kansa: na kunna saƙon tana zaune kusa da ni, ban fara saurara ni kaɗai ba. Kana dariya ka ce a bar wannan tarkacen, can ana zubar da waɗanda suka fi shi a bakin titi, idan tana so za ka saya mata mai aiki da lantarki. Ban ga laifinka sosai ba, na san gajiya ce da yawan tunani. Amma magana zarar bunu ce. Mama ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da na dawo daga kai yara makaranta na tarar ta kwashe duk abin da ke cikin akwatinta, ta ninke, ta mayar da kowanne mazauninsa.

Babu wanda ban kira ba. Kawu ya zo ya yi nasiha har muryarsa ta dishe, ta ce ta ji ta gode. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ko a jikinta. Likitanta na nan ya ce mini idan wannan rana ta wuce, ba shi da tabbacin zuciyar za ta jira wata. Yaya, ba ka ga Mama yanzu ba. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga. Daga gado zuwa banɗaki sai ta dafa bango sau biyu ta huta. Idan na kira ka ta ce maka da sauƙi, tana ajiye wayar take jingina da kujera tana neman numfashi.

Jiya da rana ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta buɗe mini cikinta ba tare da na tambaya ba. Ta ce da wannan keken ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba, da shi ta ɗinka maka kayan makarantar da suka kai ka inda kake, amma ba wannan ne ya dame ta ba. Ka san ita ba ta taɓa awo da tef ba. Ta dafa kafaɗar yaro, ta bi bayansa da taƙin hannu, ta kama kwankwasonsa, shi ke nan ta yanka, kuma ba a taɓa dawo mata da gyara ba. Ta ce duk jikokinta na nan babu wanda bai sa ɗinkin hannunta ba, sai naka uku, domin ba ta taɓa dafa su ba, hoto kuwa ba ya awo. Ashe shekara huɗu ke nan tana ɓoye yadi kala uku a ƙasan adakarta saboda su. Ta ce ta san yadda za a yi idan ta je hannu sake: za a shigo da yaran ɗaki a ce ga kakarku ba ta da lafiya, kada ku yi surutu, iyakar abin da za su sani game da ita ke nan. Ta ƙirga da kanta, tsakanin saukarmu da ranar aikin akwai mako uku, kuma mako uku ya ishe ta kaya uku. Sannan ta ce mini shiga ɗakin tiyata ta sani, fitowa kuwa sai Allah. Yaya, ni dai na ci gaba da shafa man.

Ban zauna ba. Na kira mai gyaran keke, ya kwance kan daga teburinsa, ya goge man da ke jiki tas, ya sa masa mariƙin juyawa da hannu tunda ƙafar ba za ta tafi ba. Kan kaɗai kilo goma sha uku ne. Na je ofishin jirgin, sun ce babu laifi idan yana cikin babban akwati tare da almakashi da allurai. Ba zan ce ka biya ƙarin kaya ba, na san asibiti ya riga ya tatse ka. Akwatina na zazzage. Na fitar da rigunan sanyina, da takalma, da atamfofi, na bar kaya kala uku, na naɗe kan keken da zanin gado. Don Allah ka ce wa Anti ta zo mini filin jirgi da tsohuwar rigar sanyinta, ko ta yi mini yawa zan sa.

Na ɗauka shi ke nan, amma da na nuna mata sai ta ce in fitar da shi, ita ba za ta kai tarkace gidan mutane ba. Saboda haka maganin abin nan yana bakinka kai kaɗai. Ina roƙonka don girman Allah ka kira ta yau. Kada ka ambaci asibiti, kada ka ambaci tikiti, kada ka kawo mata lissafin hankali irin naka, duk ta san su. Ka ba ta haƙuri, durƙusa wa uwa ba faɗuwa ba ne. Ka ce yaranka ba su da kayan kirki, kana roƙonta ta zo ta ɗinka musu. Ka miƙa wa 'yarka takwararta wayar ta faɗi irin rigar da take so. Wani abu kuma ban gaya wa kowa ba sai kai: ɗazu na hango ta daga kicin tana gwada mariƙin, juyi biyar ta yi ta saki tana haki, ta ce mai gyaran ya ɗaure shi da yawa. Bai ɗaure ba, Yaya. Idan mun zo ni zan riƙa juyawa, ita ta riƙe yadin.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da takwarar Mama, da Lauya sarkin surutu, da ɗan autanku. Maigidana yana gaishe ka, haka Kawu da Gwaggo da yara duka. Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa mu sauka gabanku tare da ita. Wayata tana hannuna cike da caji, ina zaune a falo inda Mama za ta ji idan ta yi ƙara. Akwatin Mama yana nan buɗe a tsakar ɗakinta, har yanzu babu komai a ciki.

Wassalam,
Ƙanwarka da ke jiran kiranka.