Ƙuri'un Bakin Teku

Litinin, 9 ga Satumba
Gobe Fausto zai bayyana wanda zai yi masa mataimaki a takarar shugaban ƙasa. Shekarata ashirin da shida a jam'iyyar nan, sau biyu ina ministar lafiya. Manufofin da yake karantawa a gangami kamar daga kansa suka fito, ni na rubuta su. Na kai shuɗiyar rigata guga.

Talata, 10 ga Satumba
Ya kira ni ofis, har da haɗa min kofi da hannunsa. Tun daga nan na san an gama.
"Dakta Hermelinda, ke 'yar Quito, ni ɗan Quito, duk 'yan babban birni na kan tudu. Wa zai kawo mana ƙuri'un bakin teku?"
Na ce, mataimaki kake nema ko taswira?
Yadira Macías ya ɗauka, mai shirin safe a talabijin ɗin Guayaquil, birnin bakin teku. Makon jiya dafa jatan lande take koya wa mutane.

Laraba, 11 ga Satumba
Ban fita ba.

Lahadi, 22 ga Satumba
An tsayar da ni bayan Yadira a hoto, wai don a ga akwai ƙwararru. Na tsaya. Har da murmushi.
Mijina Wilfrido kuma, wai: "Ba ke kika ce siyasa lissafi ce ba, ranar da aka ajiye tsoho Jaramillo aka ba ki minista don ana neman mace?" Ban sake kula shi ba sai yamma.

Alhamis, 3 ga Oktoba
Yadira ta zo gidana ba sanarwa, ba kwalliya, riƙe da kundin manufofin lafiya, duk ta ja masa layi.
"Dakta, na san kujerarki ce. Amma muhawara ta ƙarato, ba na so in yi wa mutane ƙarya."
Ta buɗe shafi na arba'in, ta ce ba ta ga ƙauyukan da sai da kwalekwale ake shigarsu ba. A irinsu aka haife ta.
Na duba sau biyu. Babu su. Shekara uku kundin nan yana hannuna.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Har yanzu ban ce ta cancanta ba. Fausto kuwa matsoraci ne, ban janye ba.
Na dai gyara shafin. Za ta dawo Litinin. Na ce ƙarfe tara, kuma kar ta karya kumallo a gida.