Makon da Ikram Ta Kwanta Mura

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Matata Jamila ta tafi Zariya kwas na mako guda. Ta bar mini Ikram da takarda cike da umarni, sai ka ce ba 'yata ba ce. Yarinya 'yar shekara takwas, me zai gagara?

Talata, 8 ga Oktoba

Da safe Ikram ta ce duk jikinta ciwo yake. Na ce, "Yau ne gwajin lissafi ko?" Na rataya mata jaka, na tura ta makaranta, na wuce kasuwar Kurmi.

Wajen sha ɗaya ina yankan fata malamarsu ta kira: "Malam Ɗahiru, zo ka ɗauki 'yarka, jikinta zafi zau, har rawar sanyi take." A babur kai kawai ta kwantar a bayana. Ban ji daɗin kaina ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Yaya Binta ta zo daga unguwar Soron Ɗinki, ta rantse zazzaɓin cizon sauro ne. Muka je asibitin unguwa aka gwada jini, babu. Nas ɗin ta ce mura ce mai tsanani, irin mai kayar da yaro lokaci guda da zazzaɓi, tari, ciwon kai da kasala. Farasitamol daidai nauyinta, ruwa da yawa, hutu. Ban da asfirin, ban da kwaso kafso a kemis. "In numfashinta ya yi sauri, ko ta ƙi shan komai, ka dawo da ita nan take."

Tun da muka dawo nake kallon ƙirjinta. Har ta ce, "Abba, ka daina zare mini ido."

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ban je kasuwa ba. Na dama kunun gyaɗa, karon farko a rayuwata. Ta kurɓa, ta ce, "Ba laifi, amma kada ka gaya wa Umma kai ka yi, za ta ji tausayina." Ta dai shanye kofin.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Da rana zafin ya dawo. Na goge mata jiki da ruwan ɗumi, zuwa la'asar ya sauka. A waya Jamila ta ce za ta baro kwas ɗin. Ikram ta ƙwace wayar: "Ki zauna, Umma, Abba yana ƙoƙari."

Asabar, 12 ga Oktoba

Ta nemi gurasa da yaji! Alhamdulillahi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Jamila ta dawo ta tarar ni ke atishawa. Ikram ta tsaya a kaina da kofin ruwa: "Tari a gwiwar hannu, Abba, kuma ka wanke hannu." Su biyu sai dariya suke mini.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na warware, ita ma ta koma makaranta tun Laraba. Yau ƙarfe ɗaya na bar jakar da nake ɗinkawa, na je ɗaukarta. Maƙwabcina a kasuwa, Aminu, ya ce yaushe na fara wannan? Na ce ina da saƙo ta Ƙofar Wambai.

Ba ni da wani saƙo. Tun daga bakin makaranta har gida tana ba ni labarin ƙawarta Zaituna, kuma ba ta gama ba. Gobe zan ji sauran.