Ƙorafi kan Shirin Ɗauke Maisie Pardy daga Gidan Kakanninta

Daga: Eldred Pardy, Gida na 4, Hanyar Bakin Teku, Gull Tickle, Newfoundland.

Zuwa ga: Uwargida Gwendolyn Tuck, Daraktar Sashen Jinyar Yara a Gida, Hukumar Jinya ta Gaɓar Kudu.

11 ga Fabrairu, 2019.

Game da: Takardarku ta 28 ga Janairu, mai cewa za a mai da jikata gidan jinya na birni ranar 4 ga Maris.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ni ne kakan Maisie, mai shekara biyar, wadda take numfashi ta bututun da aka sa mata a maƙogwaro. Mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta yana aikin haƙar mai can lardin Alberta. Ni da matata Verna muke riƙonta. A yi haƙuri da rubutuna. Sai da na bar kamun kifi, ina da shekara sittin da biyu, na koyi karatu.

1. Verna ba ta karatu. Ma'aikaciyar jinya Rosalind Keeping ce ta koya mata zuƙe majina da sauya bututu, suka kuma shirya wata dabara: duk zuƙa ɗaya, Verna ta jefa maɓallin riga a kwalba. Fari idan majinar fes take, rawaya idan ta yi kauri, ja idan da jini. Ma'aikaciyar jinya ta zo da hantsi, ta juye kwalbar, ta rubuta. Shekara huɗu ke nan, ba a kwantar da yarinyar a asibiti ko sau ɗaya ba.

2. Ranar 1 ga Nuwamba aka kawo doka cewa dangi su riƙa shigar da bayani da kansu a kwamfutar hannu, aka hana ma'aikatan jinya rubuta abin da ba su gani da ido ba. Na gwada, Allah ne shaida. Igiyar kamun kifi ta cinye fatar yatsuna, gilashin ba ya jin taɓina, kuma kafin in haɗa kalma uku shafin ya rufe.

3. Ranar 14 ga Janairu mai bincikenku ya zo. Minti arba'in ya yi, bai tuɓe rigar sanyinsa ba. Ya rubuta cewa babu shaidar kulawa a gidan. Kwalbar tana kan taga, a bayansa.

4. A watan Oktoba ofishinku da kansa ya tambayi ma'aikatan jinya ra'ayinsu kan jinyar da ake yi tare da iyali. Su ukun da ke zuwa gidanmu sun rubuta cewa su baƙi ne na awa huɗu, iyali su ne na sauran ashirin. Sun ambaci 6 ga Disamba, 2017, ranar da iska ta hana jirgin ruwan da ke kawo su tashi, Verna ta ji numfashin ya sauya tun na'urar lura da numfashi ba ta yi ƙara ba, ta cire bututun da ya toshe. Ɗaya daga cikinsu, Delphine Hynes, ta faɗa wa mai binciken a gabana cewa kunnen Inna Verna ya fi na'urar, ga shi ba ya cin batir. Bai yi dariya ba, bai kuma rubuta ba. Rosalind, wadda ta kai maganar sama, an sauya mata wurin aiki. Ina tambaya cikin ladabi: me ya sa aka tambaye su?

Saboda haka ina roƙon a dakatar da wannan shiri, a karanta abin da ma'aikatanku suka rubuta, a yarda su ci gaba da juye kwalbar.

Wannan ce takardata ta uku. Biyun farko ba a amsa ba. Verna ta riga ta fara ninke kayan yarinyar. Birni tafiyar awa bakwai ce, jirgi da mota, ƙafafun Verna kuwa ba za su ɗauki haka kowane mako ba. Idan hukuncin ya riga ya zauna, ina roƙon abu ɗaya: a bar Verna ta raka yarinyar, a ba ta minti goma da waɗanda za su karɓe ta. Maisie ba ta da murya. Idan ta ja kunnenta na hagu, bututun ne ya fara toshewa. Wannan ba ya cikin kwamfutarku, domin ban iya shigar da shi ba.

Na gode da lokacinki.

Naki cikin biyayya,
Eldred Pardy
(da hannuna)